Ginin Ƙasa da Masu Gadonsa

A karkarar arewacin Kano, daga Ungogo zuwa Dawakin Tofa har Bichi da Dambatta, inda gona ke manne da gona har da wuya ka ga saura, babu manomin da bai san hukuncin gadon ƙasa ba, domin malaman fara'ila sun warware shi filla-filla; amma akwai gadon da ba ya shiga lissafin sumuni da sudusi, watau ɗakin ibada, wanda kowa ya gada alhali ba wanda ya mallaka. Misalin da zan kawo na maƙwabtanmu Kirista ne, domin mas'alar ta fi fitowa fili a wurin jama'ar da ba ta da yawa.

Kiristancin wannan yanki bai tsufa ba. A 1937 mishan ɗin SIM suka karɓi kula da asibitin kutare na Yadakunya, kuma a zamanin ne wa'azinsu ya soma shiga ƙauyukan Maguzawa. Amma wanda ke son ganin tsohon gini sai ya nufi Wusasa ta bayan Zariya, inda mutanen Likita Mila na CMS suka koma a 1929 bayan an fitar da mishan daga cikin birni, aka gina majami'ar Bartalamawus mai tsarki da tubali da azara, bisa irin fasahar da magina Hausawa ke yi wa soro da masallaci. Daga wannan ɗan gari ne aka sami Dakta Dikko, likitan farko na Arewa, da John Tafida wanda ya haɗa hannu da Rupert East a kan Jiki Magayi, kuma a nan Yakubu Gowon ya tashi.

To, ginin siminti ko malalaci yana iya gadonsa, ya kulle ƙofa ya yi shekara goma bai leƙa ba. Ginin ƙasa bai yarda da haka ba. Damina ɗaya aka bar indararo a toshe, ruwa ya kwanta a rufi, gara ta sami azara, sai ka ga tsaga ta sauko daga bakan gizo har gindin bango. Saboda haka tilas kowane rani a kwaɓa ƙasa da ciyawa, a tattake ta, a hau a yi yaɓe, tafin hannun mai yaɓen yana fitowa a jikin bango. Wannan kuwa ba aikin dattawa ba ne.

Nan ƙungiyar samari take shigowa. Boys' Brigade, wadda William Alexander Smith ya kafa a Gilasgo a 1883, ta iso Legas a 1908, daga baya ta bazu cikin majami'un Arewa da gangunanta da kakinta da faretinta. Smith horo da ladabi ya nufa, bai yi tunanin yaɓe ba. Amma a ƙasar da ta san gayya tun kaka da kakanni, tara samari a ƙarƙashin shugaba guda shi ne rabin aikin riƙon gini. A ganina, waƙafin haƙiƙa a nan shi ne wannan taruwar, bangon kuwa shaidarta ne kawai.

Sai dai adalci ne a saurari samarin idan sun ce kwano da bulo suke so, domin giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, gwanayen magina kuma suna ƙarewa, ga shi da kaka ta wuce rabinsu sun tafi cin rani birni. Mu ma Musulmi ba mu kuɓuta daga wannan ba: masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, sai da aka kewaye shi da sabon gini aka rufe shi daga ruwa, kafin hankali ya kwanta a kan bakan gizonsa.