Wasan da Ba a Iya Ramawa

Al'adar wasa tsakanin ƙabilu da garuruwa tsohuwar aba ce a ƙasar Hausa. Bafillace da Babarbare su kan haɗu a kasuwa, wannan ya ce wancan bawansa ne, wancan ya mai da martani, a yi dariya a watse, ba wanda ya riƙe wani a zuci. Haka Bakano da Bazazzagi, haka Bagobiri da Bayarabe. Abin da ya sa wannan wasa ya ke da daɗi shi ne kowa yana da bakin ramawa. To, idan aka ɗauki irin wannan magana aka shigar da ita ofis ko ma'aikata, inda abincin wani ya ke hannun wani, shin har yanzu sunanta wasa?

A ɗauki misalin ƙaramin akawu wanda aka kawo daga wata jiha. Tun ran da ya kama aiki babban akawu bai taɓa kiransa da sunansa na yanka ba, sai da sunan ƙabilarsa. In ya yi magana a kwaikwayi karin harshensa, in takarda ta ɓace a ce ai halinsu ne. Sauran ma'aikata su yi dariya, shi ma ya yi, domin mai tsokanar nan shi ne zai rubuta rahoton aikinsa na ƙarshen shekara, shi ne kuma zai sa hannu a takardar hutunsa. Ran da ya gaji ya ɓata rai, sai a ce ba ya son wasa, a ƙara masa wannan a kan laifuffukansa. Haka ta kan sami mace mai aiki cikin maza, da gurgu, da masinjan da kullum a ke tuna masa kakansa bawa ne. Abin kuwa ba ya tsayawa a fatar baki, domin wanda aka saba rainawa da safe ba a tunawa da shi ran da a ke rabon ƙarin girma.

Alƙur'ani mai girma bai bar wannan al'amari a duhu ba. A aya ta 11 ta Suratul Hujurat Allah Maɗaukakin Sarki ya hana maza su yi wa maza izgili, ya hana mata su yi wa mata, ya kuma hana jifan juna da miyagun laƙabi. A aya ta 13 ya bayyana cewa an rarraba mutane dangi-dangi da ƙabila-ƙabila ne domin su san juna, fifiko kuwa na taƙawa ne. Malamai sun yi bayani cewa laƙabi ba ya haramta don kawai ya ambaci wata tawaya. Ai a cikin maruwaita Hadisi akwai A'amash, watau mai raunin ido, da A'araj, watau gurgu, an san su da waɗannan sunaye don tantancewa, ba da nufin wulakanci ba. Abin da aka hana shi ne sunan da mai shi ya ke ƙi. Ashe ma'aunin yana zuciyar wanda aka kira. Mai kira ba shi da ikon yanke wa kansa hukunci cewa wasa ya ke yi.

Wani zai ce ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ma ya kan yi raha da Sahabbansa, kuma wurin aikin da ba a dariya ya zama kurkuku. Wannan gaskiya ne. Tirmizi ya kawo labarin Zahir, wani baƙauye wanda ba shi da kyan sura. Manzon Allah ya same shi yana sayar da kayansa, ya rungume shi ta baya yana cigiyar mai sayen bawa. Zahir ya nuna cewa shi haja ce marar kasuwa, sai Manzon Allah ya shaida masa cewa a wurin Allah shi mai tsada ne. Babba ne ya yi wa ƙarami wasa, har da ambaton bauta a ciki, amma Zahir ya bar wurin da daraja fiye da wadda ya zo da ita. Shugaban ofis mai kafa hujja da wannan sai ya duba yadda ma'aikacinsa ya ke fita daga gabansa.

Dokar ƙasa ma ta yi nata. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, ko asali, ko jinsi, ko addini, kuma gyaran da aka yi a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙarar bambanci da cin zarafi a wurin aiki. Sai dai alƙali takarda ya ke dubawa da shaida, shaidun kuwa su ne waɗanda suka yi dariyar. Ga nauyi nan ya faɗo a kansu, domin mai izgili ba ya jimawa a ɗakin da ba a taya shi. Wanda ya ke tsoron faɗa wa shugabansa gaskiya, aƙalla yana da ikon riƙe dariyarsa, ya kuma kira abokin aikinsa da sunan da ubansa ya raɗa masa.

Kada kuma mai yawan salla ya zaci ya tsira daga wannan cuta. Abu Zarril Gifari yana cikin waɗanda suka musulunta tun farko, ga shi da gudun duniya wanda aka shaide shi a kai. Duk da haka Buhari ya ruwaito cewa ya yi cacar baki da wani mutum ya goranta masa uwarsa, wadda ba Balarabiya ba ce. Mutumin ya kai ƙara, Manzon Allah ya gaya wa Abu Zarri cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Abin lura shi ne bai tsaya ga zancen gori ba, sai ya zarce ga masu hidima: ya ce 'yan'uwa ne da Allah ya sa a ƙarƙashin hannun mutum, a ciyar da su daga abin da a ke ci, a tufatar da su daga abin da a ke sawa, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in an ɗora a taimaka musu.

Abu Zarri da bakinsa ya ba da wannan labari a kan kansa, bayan shekaru, a Rabaza inda ya rasu a shekara ta 32 bayan Hijira. Ma'arur ɗan Suwaidu ne ya gan shi sanye da tufafi iri ɗaya da na yaronsa, abin ya ba shi mamaki, ya tambaye shi dalili.