Tsakanin Iyawa da Ƙwarewa

Wata rana da la'asar ƙanena ya same ni da takardar neman aiki a hannu. Wata ƙungiyar agaji ce ke neman mai kula da na'urorin hasken rana da ke ba firijin ajiye allurar rigakafi wuta a ɗakunan shan magani na ƙauye. Da Ingilishi aka rubuta takardar, shi kuwa da Faransanci ya yi karatu, shi ya sa ya zo wurina don na ɗan taɓa Ingilishin. A gaban kowane fanni an jera kalmomi uku, a zaɓi ɗaya: “competent”, “proficient”, “expert”. Ya ce, “Yaya, wacce ta fi girma? Ita zan zaɓa.” Na ce, “Ta ƙarshen ce, amma zauna tukuna mu ga wacce ce taka.”

Tun daga ranar nake juya wannan tambaya: in mutum ya zaɓa wa kansa sunan iyawa, bayani kawai yake yi, ko alkawari yake ɗauka?

Masu Ingilishi sun jera waɗannan kalmomi kamar matakala. “Able” ita ce ta ƙasa: ba abin da ya hana ka yi. “Capable” ta ɗan ɗara ta, sai dai ba ruwanta da alheri ko sharri, domin in suka ce wane “capable” ne na aikata komai, gargaɗi suke yi maka a kansa. “Competent” na nufin ka isa, za ka yi aikin ba tare da ka ɓata ba. Yabo ne mai ɗumi-ɗumi. In aka faɗe ta a kan mai gyaran famfo zai ji daɗi, in aka faɗe ta a kan mawaƙi zai ji an rage masa tsawo. “Proficient” daga Latin ta fito, daga kalmar da ke nufin ci gaba: hannu ya faɗa, tafiya ta yi nisa, amma ana kan hanya.

“Expert” ce ta fi ɗaukar hankalina. Ita ma daga Latin take, kuma asalin ma'anarta wanda aka gwada. Tushenta ɗaya da kalmominsu na gogewa da na gwajin kimiyya. Ke nan tun daga saiwarta kalmar tana buƙatar wani mutum na biyu, wato wanda ya gwada ka. Mu ma mun san haka. A tsangaya almajiri ba ya wayar gari ya kira kansa gwani. Sai ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka, waɗanda suka riga shi sun bi sun duba, sannan sunan ya zauna masa a bakin mutane. Gwani sunan da ake ba mutum ne. Wanda ya laƙaba wa kansa, ƙarshenta ya zama abin dariya a zaure.

Akwai kuma wani darasi da tarihin Ingilishi ya ɓoye. Kalmar “cunning” a yau tana nufin wayo da makirci, amma a da ma'anarta sani da iyawa, kuma 'yar'uwar “can” ce, wadda kowane ɗan koyo ke fara haɗuwa da ita. Haka “crafty”: da can mai ƙarfi ne, mai fasahar hannu, yau kuwa maha'inci. Ba wani sarki da ya ba da umarnin a sauya musu ma'ana. Mutane ne suka daɗe suna ganin masu iyawa na cutar waɗanda ba su iya ba, har kalmomin suka ɗauki warin abin. Mu ma in muka ce yaro ya yi wayo murna muke yi, amma in muka ce wane ya yi mana wayo, kuka muke yi. Duk harshen da ka duba, iyawar da ta rabu da amana sunanta yakan lalace.

Dalilin a fili yake. Ba ka zuwa wurin ƙwararre sai a kan abin da ba za ka iya tantancewa da kanka ba. Da ka san abin da ke damun injin, da ba ka kai shi gareji ba. Saboda haka duk wanda ya ce shi ƙwararre ne, cewa yake yi: rufe idonka, ka dogara da ni. A aikin da ƙanena ke nema, yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos. In firiji ya mutu zafi ya taɓa su, ƙarfinsu na iya raguwa ba tare da kwalbar ta sauya kama ba. Uwa za ta kawo ɗanta a yi masa allura, ta koma gida da kwanciyar hankali. Ita ce za ta biya kuɗin kalmar da wani ya zaɓa a takarda, alhali ba ta taɓa ganin takardar ba.

Ƙanena bai bar ni haka ba. Ya ce, “Yaya, kowa ƙarin gishiri yake yi. In na rubuta gaskiya, wanda bai kai ni ba zai rubuta babbar kalma ya samu aikin. Wa aka taimaka?” Maganarsa tana da nauyi, ban kuma raina ta ba. Rage wa kai daraja ma ƙarya ce, ko da an yi mata rawanin tawali'u. Kalmar “talent”, wadda suke nufin baiwa da ita, asalinta ma'aunin nauyi ne da na kuɗi a wurin Girkawa. Ta samu ma'anarta ta yau ne daga wani misali a Linjilar Matiyu, sura ta 25, inda maigida ya ba bayinsa ajiyar dukiya, biyu suka juya tasu ta ƙaru, ɗaya ya binne tasa a ƙasa, aka kuma zarge shi. Wato baiwa ajiya ce. Wanda ya binne ta ya ci amana, kamar yadda wanda ya yi iƙirarin abin da ba a ba shi ba ya ci.

To ina mafita? Na same ta a wata kalmar tasu, “skill”. Ingilishi ya aro ta daga harshen mutanen arewacin Turai na da, kuma ma'anarta ta farko rarrabewa. Mai fasaha shi ne mai rarrabe wannan da wancan: ƙarar inji mai lafiya da ta marar lafiya, batirin da ya gaji da wanda ya mutu. Rarrabewar da ta fi kowacce wuya ita ce mutum ya san inda saninsa ya tsaya. An san Imam Malik da yawan amsa tambaya da “ban sani ba”, kuma hakan bai rage shi da komai ba a idon almajiransa, sai ma ya sa suka ƙara amincewa da shi in ya ce ya sani. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ƙuƙumin yakan shaƙe mai shi, amma kafin nan yakan shaƙe waɗanda suka dogara da shi.

A ƙarshe muka bi takardar layi-layi. A wajen haɗa faranti da batir ya zaɓi “expert”, domin shekaru ya yi yana yi a ƙarƙashin maigidansa, kuma akwai gidajen da za su shaide shi. A wajen gyaran firijin kansa ya zaɓi “competent”, ya ƙara da cewa a shirye yake ya koya. Na ga hannunsa ya ɗan tsaya kafin ya sa alamar, sannan ya sa. Ya ninke takardar, ya ce, “Allah ya sa mu dace, Yaya.” Na ce amin.