An Ɓoye Shi, An Kuma Koya Masa

Karatun yau: 2 Sarakuna 11:1-12, 12:1-2
Ayar haddacewa: Karin Magana 22:6

Rufe makarantu ya daina zama baƙon abu a gare mu. A watan Maris na 2020 cutar korona ta sa aka rufe makarantun Najeriya baki ɗaya. 'Yan ajin ƙarshe sun koma a watan Agusta domin jarrabawa, yawancin sauran kuwa sai Oktoba. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disamban 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, gwamnatocin Katsina da Zamfara sun sallami yara zuwa gida. Haka aka yi a jihar Neja bayan abin da ya faru a Papiri a Nuwamban 2025. Duk lokacin da haka ta faru, iyaye sukan yi ajiyar zuciya su ce, "Mun gode Allah, suna gida lafiya." Godiyar ta dace. Amma bayan godiya, ka tambayi kanka: me yaron nan yake yi daga wayewar gari zuwa azahar?

Karatunmu na yau labarin yaro ne da aka ɓoye saboda hatsari. Da sarki Ahaziya ya mutu, uwarsa Ataliya ta tashi za ta hallaka dukan 'ya'yan sarauta. Sai Yehosheba, gwaggon Yowash, ta ɗauke shi yana jariri, ta ɓoye shi tare da mai renonsa. Shekara shida yana cikin Haikalin Ubangiji, muguwar mace tana mulki a waje. Bai iya yawo a titi ba, bai iya zuwa inda sauran yara suke zuwa ba. Duk da haka shekarun nan ba su tafi a banza ba. Yana da shekara bakwai aka fito da shi, aka sa masa kambi, aka miƙa masa shari'ar Allah a hannu. Sura ta 12 kuma ta faɗa mana dalilin da ya sa ya yi abin da yake daidai a gaban Ubangiji: Yehoyada firist ne ya koya masa.

Da Yehoyada ya ce sai Ataliya ta sauka kafin a fara koya wa yaron, da Yahuza ta sami sarki mai kambi a kai, kan kuwa babu komai a ciki. Babu wanda ya gaya masa shekara nawa za a yi a ɓoye. Kai ma babu wanda zai iya rantse maka ranar da za a buɗe makaranta. Za a ce mako biyu, ya zama wata uku. Yesu ya ce aikin ɓarawo sata ne da kisa da hallakarwa. In magabci bai sami ɗanka a hanya ba, zai nemi ya sace shekarunsa a cikin gida: barci har rana ta take, waya a hannu har tsakar dare, abokan banza a bakin layi. Yarinya ta fara talla da sunan kafin a koma, sai kuɗin ya yi daɗi, ko a fara zancen aure. Yaro ya hau acaɓa ko ya bi masu haƙar kuza, ranar da aka buɗe makaranta kujerarsa ta zauna babu kowa.

Wataƙila ka ce, "Fasto, ni ban yi boko ba." Ke ma uwa, wataƙila kina cewa ko sunanki ba ki iya rubutawa. Ku saurara. Allah bai jira aka gina aji ba kafin ya umarci iyaye a Maimaitawar Shari'a sura 6 su koya wa 'ya'yansu a zaune a gida, da kan hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Bangaskiyar Timoti ta fara zama ne a cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, tun yana ƙaramin yaro kuma ya san Littattafai Masu Tsarki. Abin da ake nema a wurinka shi ne ka tsaya a kan yaron. Ga yadda za ka fara.

Ka tsayar da lokaci. Bayan addu'ar safe da karin kumallo, a shimfiɗa tabarma, a fito da littattafai, awa biyu kowace rana ban da Lahadi. Awa biyu kullum sun fi yini guda a mako, gama sannu ba ta hana zuwa.

Ka sa yaro ya karanta da ƙarfi kana ji, sa'an nan ya bayyana maka abin da ya karanta da Hausa ko da yarenku. In ya kasa bayyanawa, bai gane ba, ya sake. Wannan ba ya bukatar takardar shaida.

Babba ya koya wa ƙarami. Wanda ya koyar da lissafi yau ba zai manta da shi gobe ba. Ƙanana su ƙirga mudun masara, su lissafta canjin cefane, su kwafi ayar haddacewa da hannunsu. Masu shirin WAEC da NECO da JAMB su nemi tambayoyin shekarun baya, su amsa su da agogo a gabansu.

Ka kunna rediyo. A 2020 jihohi da dama, har da Kaduna, sun sa darussa a rediyo da talabijin. In an sake sa su, batirin rediyo ya shiga cikin kuɗin cefane.

Kada aikin gida ya cinye lokacin 'ya mace alhali ɗan'uwanta yana karatu. A raba aikin, a raba tabarmar.

Ka lura kuma, Yehosheba da Yehoyada ba su ne suka haifi Yowash ba. Maraya ne, gwaggo da mijinta suka tsaya masa. A cikin ikilisiyarmu akwai marayu, akwai 'ya'yan gwauraye, akwai waɗanda rikici ya koro daga ƙauyukansu. Kai malami da kake zaune a gida, ke da kika yi ritaya, kai mai bautar ƙasa, ku ɗauki yara uku ko huɗu na maƙwabta. Kada a tara taron yara inda hukuma ta hana, gama an rufe makaranta ne domin a tsare rai, mu kuma masu biyayya ne. Amma yara kaɗan a tsakar gida, da alli da bangon ɗaki, wannan hidima ce a gaban Allah kamar waƙa a ƙungiyar mawaƙa.

Abin yi yau: Kafin ka kwanta, ka kira yaranka, ku tsayar da lokacin karatun gobe. Ka kuma rubuta sunan yaro ɗaya da ba naka ba wanda za ka taimaka wa.

Addu'a: Ya Uba, na gode domin ka tsare ran 'ya'yana. Ka ba ni haƙuri da hikimar Yehoyada. Na ƙi kowane ruhun tsoro da ƙyuya da mantuwa a gidana. Ka ta'azantar da iyayen da har yanzu suke jiran 'ya'yansu, ka komo da su lafiya. Ka ba shugabanninmu hikima su tsare makarantu. Shekarun da fara ta ci, ka mayar mana da su. Ranar da za a buɗe ƙofar makaranta, 'ya'yana za su shiga da ƙafarsu, ba ko ɗaya da zai ɓace. Cikin sunan Yesu. Amin.