Auren da Ke Mutuwa a Kan Iyaka

A 2004 jihar Masacusets ta Amurka ta fara ɗaura auren jinsi ɗaya, alhali jihohi da yawa sun hana. A 2013 wasu maza biyu suka yi aure a Merilan. Da ɗaya ya mutu, jiharsu ta Ohayo ta dage a kotu kada takardar mutuwarsa ta nuna yana da aure. Sai a 2015 Kotun Ƙoli ta daidaita jihohin duka.

Ni a ganina, 'yan'uwa, tambayoyi biyu ne, kada mu cakuɗa su. Halacci da haramci na addini ne. Amma wa zai ci gado, wa zai karɓi gawa, wannan aikin hukuma ne, kuma bai kyautu amsar ta sāke don kawai mutum ya ƙetare iyakar jiha ba.