Hayaƙin Murhu: Mu Faɗa, Ko Mu Yi Shiru?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki yana kashe mutane wajen miliyan 3 kowace shekara. A cikin hayaƙin itace da kara da gawayi akwai ƙura mai laushi ƙwarai, silin gashin kai ya fi ta kauri wajen sau 30. Hanci ba ya iya tace ta. Takan shige huhu, har ta kai ga jini, ta jawo wa yara ciwon huhu, manya kuwa ciwon zuciya da shanyewar jiki. Mai girki da ɗan da ke goye a bayanta su suka fi shaƙa.

To, ya kamata mu faɗa wa matan ekklesiyarmu wannan? Waɗansu dattawa sun ce a'a. Matar da ba ta da kuɗin gas, in ka ce mata murhunta yana cutar ɗanta, tsoro kaɗai ka ƙara mata, gobe kuwa tilas ta sake hura wuta. Maganar nan tana da nauyi, ba mu raina ta ba.

Duk da haka ba mu yarda da shiru ba. A birnin Landan, cikin Disamba 1952, hayaƙin kwal ya rufe gari kwana biyar. Aka ƙirga mutum wajen 4,000 da suka mutu, aka faɗa a fili, a 1956 kuwa aka kafa dokar tsabtace iska. Namu yara suna mutuwa ɗaya ɗaya a cikin ɗakuna, ba mai ƙirgawa. In ba a san dalili ba, sai a nemi wani a ɗora masa. Sau nawa muka ji yaro ya mutu da tari, aka ce tsohuwar maƙwabta mayya ce? Shirunmu yana da hannu cikin wannan ƙazafi.

Amma miliyan 3 ba za ta taimaki mai tuwo ba. Sai mu faɗa mata abin da ke cikin ikonta. Ta yi girki a waje, ƙarƙashin rumfa. Ta nemi busasshen itace. Ta sauke goyo nesa da wuta. Da hunturu kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, gama yana fid da wata iska marar wari mai kashe mutum cikin barci.

Mu maza kuma kada mu tura maganar zuwa zumuntar mata mu wanke hannu. Mu ne muka gina madafar nan ba taga, kuɗin cefane kuma yawanci a aljihunmu yake. Ranar Asabar maigida ya ɗauki diga ya huda bango ta sama, inda hayaƙi ya yi baƙi.