Bokitin Roba Da Mutuncin 'Ya Mace

Muna aji biyar a sakandare a Gumel aka yi wasannin makaranta, wata yarinya 'yar Gagarawa ta cinye gudun mita 400 da rata mai yawa. Doguwa ce, ƙirji a shafe, murya da kauri. Ko haki ba ta gama ba aka fara: "Anya wannan mace ce kuwa? Wallahi mata-maza ce." Malamai mata biyu suka ja ta ɗaki suka rufe ƙofa. Da suka fito suka ce mace ce, aka miƙa mata bokitin roba da sabulu. Daga ranar ba ta sake gudu ba. Ni kuwa, mai karatu, ina cikin masu dariyar, don ƙawata ce ta zo ta biyu.

Abin ya dawo mini ne da na ji labarin Aminatou Seyni ta ƙasar Nijar, maƙwabtanmu da muke cin kasuwar Maigatari tare duk Alhamis. A 2019 ta yi mita 400 cikin daƙiƙa 49.19 a Lozan. A shekarar hukumar guje-guje ta duniya ta fara aiki da doka cewa macen da aka halitta da sinadarin maza mai yawa a jini ba za ta yi gudun mita 400 zuwa mil ɗaya ba sai ta sha magani ta rage shi. Aminatou ta koma mita 200, har ta zo ta huɗu a duniya a 2022 a Amurka. A 2023 aka shimfiɗa dokar kan kowane gudu, a 2025 kuma aka kawo gwajin ƙwayar halitta. Caster Semenya ta Afirka ta Kudu shekaru ta yi tana zaryar kotu a kan wannan.

To ba zan ce masu ƙorafi ba su da hujja ba. Don me aka ware wa mata nasu gudun tun farko? Don in an haɗa da maza, mace ba za ta ga ko ƙurarsu ba. Wadda ta shekara tana atisaye, ga kuɗi ga suna a gaba, tana da haƙƙin ta tambaya da wa take tsere. Kukan ƙawata ran nan ba na ƙarya ba ne.

Sai dai malamanmu sun riga hukumar sanin wannan halitta. Hunsa suke cewa, da maganarta ma aka rufe littafin Muhtasar. Sun duba alamomi, ta inda fitsari ke fita, gemu, nono, haila. In abin ya rikice, a gado a ba shi rabin rabon namiji da rabin na mace. Wato ba su kore shi ba, gurbi suka nema masa. Kuma ba a buɗe wannan babi sai lalura ta kama, gado ko aure ko sahun salla, ba don 'yan kallo sun yi ihu ba.

Nan ne nake ganin mun yi laifi. Gasar duniya ta ji da dokarta, akwai likitoci, akwai kotu, duk da haka tana ƙuna. Amma gudun makaranta, ko na motsa jiki da ake yi don nishaɗi, me ke cikinsa da ya kai a tuɓe 'yar mutane? Kuma ku lura, ba a taɓa zargin wadda ta zo ta ƙarshe. Sai wadda ta ci, kuma sai in ba ta da irin surar da muke rubutawa a littattafanmu, fara, mai gashi, mai sanyin murya. Mu marubuta ma da hannunmu a ciki.

Bara na gan ta a gidan biki a Sule Tankarkar, da goyo a baya. Ta gane ni, ta gaishe ni da sunana. Na so in ɗauko maganar, sai na tambaye ta sunan yaron.