Nonon Wace Saniya Muke Sha?

Daga Giyawa har Wurno da Rabah, kowa ya san bambancin mai turka rago don Babbar Sallah da mai ajiye saniyar tatsa. Mai rago jira yake farashi ya hau ya rabu da shi. Mai saniya kuwa ƙwarya yake miƙawa kowace safiya, dabbarsa na nan a turke. Haka abin yake a kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, wadda yanzu muke shiga ta manhajar waya: wani na saye don ya sayar gobe, wani na neman kamfanin da zai riƙa raba masa riba duk shekara, tana ƙaruwa.

Mu masu rubuta manhaja mukan so komai ya koma sharaɗi. Idan kamfani ya jera shekaru yana rabon riba, bashinsa bai fi ƙarfinsa ba, kuma abin da yake rabawa bai wuce abin da ya samu ba, to a saya. Sharaɗin na da amfani, amma ba laya ba ne. MTN Nigeria da Nestlé, waɗanda ake ɗauka shanun tatsa ne, sun tafka asara a 2023 bayan faɗuwar naira, rabon riba ya tsaya. Dangote Cement ya biya naira 30 kan kowane hannu daga ribar 2023, ya maimaita 30 daga ribar 2024, shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba. Ƙwaryar ɗaya ce, nonon ne aka surka.

Sai dai akwai tambayar da lissafinmu ba ya yi: me ya sa ribar wasu kamfanoni ba ta girgiza? Sau da yawa don suna iya ƙara farashi ne, mai saye kuma ba shi da wurin gudu. Kusan duk simintin ƙasar nan a hannun kamfanoni uku yake: Dangote, Lafarge da BUA, mai masana'antar Kalambaina a nan Sakkwato. A Fabrairun 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Wanda ya biya kuɗin nan ba baƙo ba ne. Maƙwabcinmu ne da ruwan Rima ya ci masa katanga, ko wanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauye yana haɗa ɗaki ɗaya a gefen gari. Wani ɓangare na saƙon kuɗin da ke faranta mana rai daga aljihunsa ya fito.

Ba cewa muke yi haramun ne ba. Gas da kayan gyaran injin sun yi tsada, masana'anta na ciyar da gidaje masu yawa, kuma ba a kafa ta sai da kuɗin masu jari. Manomin albasa a Goronyo ma yakan ajiye amfaninsa har ya yi daraja, ba ma kiransa azzalumi. Amma shi ruɓewa na jiransa, kuma in ya tsawwala akwai manoma ɗari a bayansa. Jerin NGX Lotus Islamic, tun 2012, yana tace mana masu cin ruwa da giya da caca. Bai tambayi ko mai saye na da zaɓi ba. Wannan tankaɗen namu ne.

Kuma ana iya yin sa. Rahoton shekara na kamfanin siminti yana nuna abu biyu: kuɗin da ya shigo, da tan nawa aka sayar. In duka biyun na hawa, an ƙara saniya a garke. In kuɗi ya yi tsalle alhali tan na nan inda yake, saniyar dai ce aka ƙara matsa wa hantsa, maraƙi na kallo. Mun fi son na farko ko da rabonsa bai kai na biyun ba, don haka kafin mu danna “saya” shafin tan muke fara buɗewa.